Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kano: a ƙasar Sin, jan hatimi ne ke magana

Assalamu alaikum, iyayenmu kuma shugabanninmu na Kwari, Dawanau, Singa, Wambai da Sabon Gari. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ɗanku ne ke rubuto muku. A Kantin Kwari na tashi, ina ɗaukar dila a shagon maigidana tun kafin ya sallame ni, kuma na fi shekara goma ina kai da kawo tsakanin Kano da Guangzhou, wadda mu a kasuwa muke cewa Gwanzu, da Keqiao garin yadi, da Yiwu. Da maganar ta mutum ɗaya ce, da na zo zaure na durƙusa na faɗa. To ta shafi duk wanda kuɗinsa ke kwana a ƙasar Sin, shi ya sa na rubuto a fili.

Tun da Sin ta sanar a birnin Changsha a watan Yunin 2025 cewa za ta cire harajin shigo da kaya ga ƙasashen Afirka 53 da take da hulɗar jakadanci da su, hirar kasuwa ta canja. Mutanen Dawanau na lissafin riɗi da citta da zoɓorodo. Yaranmu da suka yi karatu a can suna cewa a buɗe kamfani a Gwanzu, a daina ba dillali. Ni ma na yi murna. Amma haraji ƙofar waje ce kawai, a cikin gidan akwai wasu ƙofofin, kowace da makullinta, kuma makullan duk na shari'a ne. Mu kuwa da amana muka saba ciniki. Mutum ya ce maka "na saya", ka ce "na sallama", magana ta ƙare ko da ta miliyan ɗari ce. Can ba haka abin yake ba, kuma ni da kuɗina na sayi wannan karatun.

Ina da tambarin da nake bugawa a gefen shaddata, suna ne da zane da na yi shekaru ina ginawa, har mata a Maraɗi da Damagaram suna tambayarsa da sunansa. Na yi masa rajista a Abuja, takardar tana cikin sif ɗina. Wata masana'anta ce ke yi mini aikin tun farko. Mai ita ya sha cin abinci da ni a gidan abincin Musulmi, yana ce mini ɗan'uwa, har tsarabar shayi yake ba ni in kawo wa iyali. Da na ga ingancin kayansa ya fara ja baya, sai na kai odata wani wuri. Kaya suka kammala, aka loda kwantena, aka kai tashar jirgin ruwa. Ina masauki da dare wakilin jigila ya bugo mini, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce kwastan sun riƙe kaya, wai akwai mai tambarin da ya kai ƙorafi. Na ce wane mai tambari bayan ni? Ya turo mini hoton takarda a WeChat, manhajar saƙon waya ta Sin. Ga zanena, ga sunana, ga jan hatimin hukuma a ƙasa, sunan mai shi kuwa na wani dangin mai tsohuwar masana'antar ne. Ashe tun shekara ta biyu da fara hulɗarmu suka yi rajistarsa a Sin, suka kuma kai shi ga hukumar kwastan suka ajiye, suna jiran ranar da zan juya musu baya. Lauyar da na ɗauka ta karanta takardar Abuja, ta miƙo mini abata da hannu biyu cikin ladabi, ta ce wannan a Najeriya take aiki. Ƙarshenta sai da na sayi sunana da kuɗina, kaya kuma suka iso bayan Sallah, lokacin da kowa ya riga ya ɗinka.

Ba wai an yi mini haka don ni baƙar fata ba ne. Dokar tambari ta Sin ta ginu ne a kan wanda ya riga kai takarda, ba wanda ya riga amfani da suna ba. Kamfanin Apple da kansa sai da ya biya kamfanin Proview dala miliyan 60 a 2012 kafin ya samu sunan iPad a Sin. Kamfanin takalma na New Balance, wata kotu a Guangzhou ta ce ya biya yuwan (kuɗin Sin) miliyan 98 a 2015 saboda yana amfani da sunansa na Sinanci da wani ya riga shi rajista, sai a ɗaukaka ƙara aka rage zuwa miliyan 5. Michael Jordan, ɗan wasan ƙwallon kwando, ya yi shekaru yana shari'a da kamfanin Qiaodan kafin Kotun Ƙoli ta Sin ta ba shi gaskiya a kan sunansa na Sinanci a Disambar 2016. In masu rundunar lauyoyi sun sha haka, ina ga mai shago biyu a Kwari?

Akwai abin da ya fi shafarmu a nan. Da yawanmu na cewa ai ni ba na sayarwa a Sin, yi kawai ake yi mini a fitar, me ya haɗa ni da rajistarsu? Da can kotuna kan karɓi wannan hujja. Amma a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Honda, inda aka ƙera kayan babur da sunan HONDAKIT don kai wa Myanmar, masu odar kuma suna da rajistar sunan a can ƙasarsu, amma kotu ta ce duk da haka an taka haƙƙin mai tambarin a Sin. Tun daga nan, wanda ake buga wa suna a Keqiao ko Foshan ba tare da rajistar Sin ba, a kan siraɗi yake tafiya. Wani ƙarin nauyi a kanmu shi ne Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Madrid, wadda ke ba mutum damar neman rajista a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya. Ɗan'uwanmu na Kumasi yana da wannan hanyar, na Yamai da Garwa da Njamena ma suna da ita ta OAPI, ƙungiyar rajistar tambari ta haɗin gwiwar ƙasashensu. Mu dole sai mun bi ta hannun wakilin rajista na cikin Sin. Kuma a sani, sun raba kowane rukunin kaya zuwa ƙananan rukunoni, mutum zai iya rajistar yadi, wani ya zo ya kwashe sunan a kan hula ko gyale. In kuma ka yi rajista ka bar ta shekara uku ba ka amfani da ita, kowa na iya neman a soke.

Sai maganar hatimi, wanda shi ne abin da na fi so ku riƙe. Kowane kamfani a Sin yana da hatimi zagayayye mai jan tawada, yawanci da tauraro a tsakiya, da sunan kamfanin da Sinanci, an kuma yi masa rajista wurin 'yan sanda. Shi ne bakin kamfani. Sa hannun manaja ko na yarinyar da ke amsa maka saƙo da Turanci ba ya kai darajarsa a gaban alƙali. Ku buɗe jakar kowane ɗayanmu ku duba takardun odarsa. Abin da za ku gani shi ne takardar farashi mai shafi ɗaya, da sunan Turanci mai daɗin ji, da wani shuɗin hatimi mai kusurwa huɗu, da lambar asusun banki a Hong Kong mai wani sunan daban. A kan wannan muke tura kafin alƙalami na kashi talatin cikin ɗari. Sunan Turancin nan ba shi ne sunan kamfanin a shari'a ba, na Sinanci ne kaɗai, wanda ke kan lasisin kasuwanci tare da lamba mai gurbi 18. Gwamnati na da shafin intanet na kyauta da mutum zai sa wannan lamba ya ga ko kamfanin na nan, yaushe aka kafa shi, wane ne wakilinsa na shari'a (mutumin da doka ta sani a madadin kamfanin), nawa ne jarinsa, da irin sana'ar da aka yarje masa. Aikin minti goma ne ga mai karanta Sinanci. Nawa ne a cikinmu suka taɓa yi?

Don ku ga ƙarfin wannan ɗan jan abu, ku duba abin da ya faru da reshen kamfanin Arm na Ingila a Sin. A Yunin 2020 hukumar daraktoci ta tsige shugaban reshen, Allen Wu. Ya ƙi miƙa hatimi, ya ci gaba da zama a kujerarsa yana gudanar da kamfani, sai a Afrilun 2022 aka iya sauya rajista aka raba shi da wurin. Kusan shekara biyu masu kamfani suna kallon kayansu ta taga. Yaronmu da zai buɗe kamfani a Gwanzu ya bar hatimi a aljihun tafinta saboda zai dawo gida Azumi, ya san abin da ya bari.

In rigima ta tashi kuma fa? Na sha ganin takardar da wani lauyan gida ya rubuta da Turanci mai kyau, a ƙarshe ya sa cewa in an samu saɓani babbar kotun jiha ce za ta raba. Takarda ce mai kwantar da hankali, amma dukiyar wanda ka yi ƙara tana lardin Zhejiang na Sin. Hukuncin kotunmu ba ya aiki a can kai tsaye, sai kotun Sin ta duba ta amince, wannan kuwa hanya ce mai nisa. In ka shigar da ƙara a Sin, da Sinanci ake shari'a, lauyan waje ba ya tsayawa a gaban alƙali, sai ɗan ƙasa mai lasisi. Alƙalansu takarda suke so, shaidar baki ba ta da nauyin da muka saba ba ta. Takardun da ka kawo daga gida sai an tantance su mataki-mataki har ofishin jakadancin Sin, domin sauƙin da aka samu tun da Sin ta shiga yarjejeniyar Apostille, mai sauƙaƙa tantance takardu tsakanin ƙasashe, a Nuwambar 2023 bai taɓa mu ba, Najeriya ba ta ciki. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce zaman sasanci na ƙwararru masu yanke hukunci ba a kotu ba, a hukumar CIETAC ta Sin ko cibiyar sasanci ta Hong Kong, saboda ƙasashenmu biyu duk sun shiga yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ke sa a zartar da irin wannan hukunci a ƙetare. Amma sai an rubuta haka tun ranar ƙulla ciniki, da sunan hukumar daidai. Bayan an ɓata ba wanda zai sa maka hannu.

Bari in ɗan ratse. Kun tuna Agustan 2024, lokacin da aka wayi gari an riƙe jiragen fadar shugaban ƙasa a Faransa? Wani kamfanin Sin ne, Zhongshan Fucheng, da ya samu saɓani da gwamnatin Ogun a kan yankin ciniki na musamman, ya kai Najeriya zaman sasanci, ya ci nasara a 2021 aka ba shi kimanin dala miliyan 70, ya kuma bi dukiyar ƙasa har inda take. Da me ya dogara? Da yarjejeniyar kare jari da Najeriya da Sin suka sa wa hannu a 2001. Wannan yarjejeniya fuska biyu gare ta, tana kare ɗan Najeriya mai jari a Sin kamar yadda ta kare su a nan. Su sun karanta ta. Mu ko labarinta ba mu ji ba sai da aka kama jirgi.

Ga masu son kafa kamfani a can, gaskiya abubuwa sun yi sauƙi fiye da da. Dokar zuba jarin waje da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020 ta maye gurbin tsofaffin dokoki uku, ta ce baƙo da ɗan gida ɗaya ne sai a sana'o'in da aka lissafa a jerin hani. Jerin 2024 ya ragu zuwa abu 29, an kuma cire ƙere-ƙere gaba ɗaya. Saye da sayarwa irin namu ba ya ciki. Sai dai tarkunan suna cikin ƙananan abubuwa. Sabuwar dokar kamfanoni da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024 ta ce jarin da ka rubuta sai ka zuba shi cikin shekara biyar, don haka ɗabi'armu ta rubuta babbar lamba don a ga girma ta zama bashi a wuya. Ofishin wakilci, wanda wasu ke buɗewa saboda arha, ba a yarje masa ya yi ciniki da kansa ba. Ma'aikacin da ya wuce wata ɗaya ba ka rubuta masa kwantiragi ba, doka ta ba shi ya nemi ninkin albashi. Bizar M ta ziyarar kasuwanci ce, wanda ya zauna a shago yana aiki da ita ya karya doka, tara da tsarewa da kora duk suna iya hawa kansa. Na san masu rajistar kamfani da sunan matar aure ko abokin ɗan ƙasa don guje wa wahala. A idon doka kamfanin na wanda sunansa ke kai ne, kai baƙo ne kawai mai yawan zuwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hana fita. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta ba kotu ikon hana baƙo barin ƙasar in yana da shari'ar bashi ko ta ciniki da ba a gama ba. Wakilin shari'a na kamfani shi ne farkon wanda ake kamawa da wannan. Sau da yawa mutum ba ya sani sai ya miƙa fasfo a filin jirgin Baiyun na Gwanzu, jami'i ya dubi kwamfuta ya dube shi, ya ce ya koma gefe. Wanda ya karɓi kaya bashi da sunan 'yan'uwa goma a Kano, ɗaya ya ƙi biya, shi ne zai zauna. Biza kuma tana ƙarewa yana zaune.

Kuɗi ma haka. Mun saba mu ba ɗan canji naira a Wapa, wani ya zuba wa mai kaya yuwan a can cikin awa ɗaya. Tun daga Oktoban 2020 da 'yan sandan Sin suka fara farautar asusun da 'yan damfarar waya ke wanke kuɗi da su, 'yan kasuwar Yiwu da yawa sun wayi gari an daskarar da asusunsu, saboda kuɗin da ya shigo musu ta irin wannan hanya ya gauraya da na sata. Mai kaya zai ce bai karɓi komai ba tunda ba ya iya taɓawa, kai kuma ka san ka biya, amma sunanka ba ya kan ko wace takarda. Ga shi kuwa akwai yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15 tsakanin Babban Bankin Najeriya da na Sin tun 2018, an sabunta ta a Disambar 2024, amma ɗan tsakiyar kasuwa bai san ta wace ƙofa ake shiga ba. Mai kamfani a can kuma ribarsa ba ta fita sai an binciki littattafansa na shekara, ya biya haraji, ya ware kashi goma cikin ɗari a asusun ajiya da doka ta wajabta.

Mutanen Dawanau, ku ma ga taku. Tun 1 ga Janairun 2022 hukumar kwastan ta Sin ta wajabta wa masu sarrafa abinci da adana shi a ƙasashen waje su yi rajista da ita kafin kayansu su shiga, wasu amfanin gona kuma sai an ƙulla yarjejeniyar lafiyar tsirrai tsakanin ƙasa da ƙasa, kamar ta gyaɗa da aka sa wa hannu lokacin ziyarar Shugaba Tinubu a Satumbar 2024. Cire haraji bai cire wannan ba. Kwantenar da ta isa babu lambar rajista, ko a dawo da ita ko a lalata.

Ba zan tsaya a kan dokokin bayanai da na leƙen asiri ba, sun fi shafar manyan kamfanoni, amma kada a ce ban faɗa ba. A Maris na 2023 an rufe ofishin kamfanin bincike na Amurka, Mintz, a Beijing, aka tsare ma'aikatansa biyar 'yan ƙasa, a Yulin shekarar kuma faɗaɗaɗɗiyar dokar leƙen asiri ta fara aiki. Wanda ke son sanin asirin abokin cinikinsa ya bi ta lauya da takardun da hukuma ta buɗe wa kowa, kada ya ɗauki wani ya ce ya shiga masana'anta ya ɗauko masa hotuna da lambobin mutane.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce kotunan Sin ba sa ba baƙo gaskiya ba. Na ga ɗan Afirka ya ci shari'a, an daskarar da asusun masana'anta tun kafin hukunci, kuɗinsa ya dawo cikin watanni, saboda kwantiraginsa da Sinanci yake, da jan hatimi, da adadin tarar da za a biya in an saɓa. Akwai son kai na ƙananan hukumomi ga masana'antun garinsu, akwai dokokin da aka rubuta da faɗi yadda jami'i zai fassara su yadda ya so, wannan gaskiya ne. Amma mafi yawan asarar da na gani a tsakaninmu, tun a teburin ciniki aka tafka ta.

To ga roƙona, ranku ya daɗe. Kuna karɓar kuɗin ƙungiya, kuna raba rigima tsakanin maƙwabtan shago, kuna zuwa gaban gwamna in an yi gobara. Ku ƙara wannan a cikin aikinku. Ku haɗa kai ku ɗauki ofishin lauyoyi ɗaya a Guangzhou a kan kuɗin shekara, wanda ɗan ƙungiya zai buga wa kafin ya tura kafin alƙalami, ba bayan kaya sun maƙale ba. Abin da mutum ɗaya ba zai iya biya ba, shago dubu za su biya ba su ji a jikinsu ba. A sa su rubuta mana kwantiragin oda guda ɗaya da Sinanci da Turanci, a fassara shi da Hausa don mai sa hannu ya san abin da ya sa wa hannu, a bar gurbin suna da adadi da rana. A yi shela a kasuwa, duk mai tambari ya kawo, a tura rajista gaba ɗaya a rage tsada. Yaranmu da suka karanta Sinanci, waɗanda yanzu tafinta kawai suke yi a kan ɗan abin da aka ba su, a zaunar da biyu a ofishin ƙungiya suna duba lasisin kamfanoni. Ku kuma nemi zama da ƙaramin ofishin jakadancinmu na Guangzhou a samu layin da za a kira in an hana ɗan kasuwa fita, ku nemi bankuna su zo tsakiyar Kwari su yi bayanin biyan yuwan ta hanyar da take barin shaida.

Baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu yana zuwa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma kowane zuwa jirgi cike yake da mutanenmu, ciki har da masu fita karo na farko da jarin gado. Ina roƙon a kira zama kafin tafiya ta gaba. In kun kira, zan zo da fayil ɗina, da takardar Abuja da ta Sin da rasiɗin kuɗin da na sayi sunana da shi, in shimfiɗa su a tabarma kowa ya gani.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani mai shagon shadda a Kantin Kwari, Kano